Gayyar da Toma Ya Kira

Sunan da uwarsa ta sa masa Mato. Toma kuwa a Tsibiri ya samo shi, ranar da aka yi masa baftisma a gulbi, kuma har ya bar duniya babu mai kiransa da shi a Madarumfa sai matarsa.

An haife shi a gidajen Anna da ke yamma da tabki, wato mutanen da ba su karɓi salla ba, suna nan a kan abin da kakanninsu suka bar musu. Gidansu babba ne, na manoma, gandu ɗaya, tukunya ɗaya, rumbuna a jere a bayan danga. A shekarar 1934 aka kwashi samari zuwa aikin tilas na hanyar mota, Mato yana cikinsu. Dutse ya faɗo masa a ƙwauri, ciwon ya zama gyambo, gardin da ke tsaron aikin ya ga ba shi da sauran amfani ya sallame shi. A gida aka ɗaura ganye, aka yanka kaza, aka kira mai magani daga Safo, ƙafa sai ƙara ruɓa take yi. Daga ƙarshe wani mai jaki ya ɗauke shi ya kai shi wurin Turawan Mishan a Tsibiri, inda ake wanke gyambo kowace safiya da wani jan ruwan magani. Ƙafar ta warke, ta bar tabo mai faɗin tafin hannu. Kafin ta warke ya koyi karatun boko, ya ji labarin Yesu Almasihu, ya ba da gaskiya. A can kuma ya auri Saloma, marainiya ce da ta tashi a hannun Mishan tun shekarar da fara ta cinye gero.

Da bazarar 1938 ya dawo gida da matarsa da Sabon Alkawari a cikin jakar fata. Ya tarar ubansu ya rasu, wansa Gwamna ya gaji gidan. Gwamna dogo ne, muryarsa kamar ganga, ba ya iya yin magana uku bai sa ba'a a ciki ba. Ya rungume ƙanensa, ya duba tabon, ya ce ashe Nasara ma sun iya faci. Aka zauna lafiya har gizagizai suka fara haɗuwa a gabas.

Kafin shuka, al'adar gidan ita ce a yanka baƙin bunsuru a gindin jigon tsafi da ke tsakar gida, kowane namiji ya sa hannu, kowa ya ci naman. Ranar yankan maza suka kewaye jigon. Toma ya tsaya a baya, kusa da turmi.

Gwamna ya ce, "Mato, matso ka kama ƙafa."

"Yaya, ka yi mini haƙuri. Ba ni iyawa."

"Gyambon ne ya tashi?"

"Ƙafa lahiya lau. Na riga na yi wa wani alkawari."

Gwamna ya dube shi, wuƙa a hannu, bunsuru yana kuka. Bai zage shi ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya kira wani ya kama ƙafar, aka yanka. Washegari ya gaya masa cewa wanda bai ci naman gandu ba ba zai ci geronsa ba, don kada albarkar ta gudu ta bar mutum arba'in da yunwa. Ya yanka masa gona a can gefe, inda akwai wata kanya, gamba ta yi mata iyaka da hanyar tabki. Ya nuna masa wurin kafa ɗaki a wajen danga. Tsakanin ɗakin da ƙofar gidan bai fi jifa ɗaya ba, amma wajen danga ne.

Rashin gandu bai dami Toma ba kamar wata magana da Saloma ta jiyo a bakin ruwa. Mata suna cewa Mishan sun warkar da ƙafa sun cire zumunci. Maganar nan ta zauna masa a ƙirji. Tun daga ranar abu ɗaya yake nema a duniya: kada danginsa su ce hanyar da ya bi tana raba mutum da nasa.

Akwai wani mai bishara a Maradi, Malam Simon, wanda yakan zo duba su jefi-jefi. Toma ya kai masa kukansa. Malam Simon ya ce, "Ɗan'uwa Toma, bakinka ba za su ji ba, sun san ka tun kana tsirara. Bari su ga hannunka." Toma ya riƙe wannan, ya kuma san inda zai nuna hannun nasa. Wurin gayya.

Wanda bai ga gayyar wancan zamani ba, da wuya a kwatanta masa. Idan ciyawa ta fi ƙarfin gida, maigida sai ya sa rana. Tun da sauran kwanaki mata za su jiƙa dawa ta tsiro, a shanya, a niƙa, a ɗora manyan tukwane. Ba sai an yi shela ba, ƙamshin giya shi ke zagaya gidaje ya gaya wa kowa. Ran gayya makaɗi yana gaba, maza a jere kafaɗa da kafaɗa, kowa da kunyar da zai bi, hauyoyi suna tashi tare suna sauka tare, ana kirari, ana yi wa na baya dariya. In rana ta take, a koma inuwa, a sauke tuwo, a buɗe tuluna. Dattijo ya fara zuba kaɗan a ƙasa domin kakanni, sa'an nan ƙwarya ta shiga yawo. A inuwar nan ake sulhu, a nan ake nema wa 'ya'ya aure, a nan ake sa ranar gayya ta gaba.

Toma bai bar gayya ko ɗaya ta wuce shi ba, sai wadda ta faɗo ran Lahadi. Shi ne na fari a gona. Duk da ɗingishinsa ba a barinsa a baya, kuma kunyarsa ba ta bukatar a sake bi. Amma da zarar ganga ta yi shiru aka fara kwance bakin tuluna, sai ya saɓa hauya, ya ce, "Sannunku da aiki," ya kama hanyar gida. Ko tuwon ba ya ci, tun da a inuwa ɗaya ake ajiye shi da giya, a kan ƙasar da aka yi wa zubi. Shi kuma bai taɓa kiran gayya ba. Ba shi da giyar da zai ba mutane, ya kuma ɗauka haka ya kamaci mai bi, ya bayar ba tare da sa ran a mayar masa ba. Gonarsa shi da Saloma suke nomewa, su biyu, in ta ƙi ƙarewa da wuri su haƙura.

Daminar fari an yaba masa. Ta biyu ma haka. Daga nan abin ya fara sanyi ta hanyar da bai gane ba. Aka daina aiko masa da ranar gayya, sai dai ya jiyo ganga ya bi sautinta. In ya shiga jeri, na kusa da shi sai ya matsa, a bar kunya ɗaya ba kowa a tsakani. Akwai wani maƙwabcinsu, Mamman, wanda Toma ya nome masa gona ba sau ɗaya ba ba sau biyar ba. Ran kasuwa in Mamman ya hango shi, sai ya ratse ta bayan masu kifi. Toma yakan dawo gida ya buɗe littafinsa, ya karanta wuraren da aka yi maganar masu bi da duniya za ta ƙi, ya ce wa kansa wannan ke nan. Sai ya ƙara ƙwazo a gayya ta gaba, ya ƙara saurin tashi.

Haka suka yi shekaru. Allah bai ba su haihuwa mai zama ba. Da yamma akan ji lugude daga cikin babban gida, taɓarya uku a turmi ɗaya, da tafi da guɗa. A wajen danga kuwa taɓaryar Saloma ce kaɗai, tana sauka tana jira, tana sauka tana jira. Sau ɗaya a wata sukan tashi ran Asabar su taka zuwa Maradi don su yi sujada da 'yan'uwa. Sauran Lahadi a ɗaki suke yi, a kan tabarma ɗaya, shi ya karanta, su yi waƙa su biyu. Yara sukan leƙo ta jikin zana su gudu. Toma yakan bar ƙofa a buɗe ko wani zai shigo. Akuya ce kaɗai ta taɓa shigowa.

A daminar 1949 ruwa ya yi yawa, ciyawa ta tashi kamar ana jan ta. A tsakiyar noman fari tabon nan ya fashe, gyambo ya dawo. Toma ya koma jan gindi a tsakanin kunyoyi da 'yar gajeriyar hauya, Saloma tana gaba tana yin abin da za ta iya. In sun nome gabas, kafin su kai kanya gabas ta sake rufewa. Gero ya fara yin ja a ƙarƙashin ciyawa.

Mutum ɗaya ce daga cikin gida take taka ɗakinsu, ita ce Inde, ƙanwar ubansu, tsohuwa ba haƙori, kullum da garin taba a leɓe. Wata rana da hantsi ta zo duba ƙafa, ta kwance bakin zane ta ajiye ƙullin daddawa guda. Tun ba ta gama zama ba, Saloma ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya cike da gyaɗa, ta ajiye mata a gaba.

Inde ta dubi gyaɗar, ta dubi Saloma. Ta ce, "Ke ɗiyar nan, ɗauke mini wannan."

"Gwaggo, ai kaɗan ce."

"Na ce ɗauke. Ka gani ko, Mato? Halinku ke nan. Na kawo daddawa ƙulli guda, ko numfashi ban mayar ba an biya ni, har da riba."

Toma ya ce, "Gwaggo, alheri ne."

"Alheri." Ta tofar da taba gefe. "Ka san abin da ake cewa da addinin nan naka?"

"Na sani. An ce ya cire mini zumunci."

"Wannan tsohuwar magana ce. Yanzu cewa ake addinin ƙosassu ne. Ba su cin namu, ba su shan namu, ba su roƙon namu. Wa ke nan da ba ka noma wa gona ba? To, wa ya taɓa noma taka? Kana tsammani Mamman ƙin ka yake da yake ratse maka a kasuwa? Kunya ce ke cin shi. Ka ɗora mashi kaya shekara da shekaru, ka hana shi wurin saukewa. Namiji ne fa. Kowace damina ka zo ka zuba mashi gumi a gona, ka juya ko ruwan gidansa ba ka kurɓa ba, kamar mai watsa wa kaji tsaba."

"Ni ba don a rama mini nake yi ba."

"To, ai zagin ke nan."

Ƙudaje suna bin tsumman da ke ƙafar Toma, bai kore su ba. Can ya ce, "Giyar ce, Gwaggo. An hana mu."

"Wa ya ce ka sha? Ni nan da kake gani, cikina ya daina karɓarta tun shekarar fara. Ka taɓa ganin na tashi na bar mutane? Gaya mini, an hana ku sha, ko an hana ku zama?"

Ya bi littafin nan a zuciyarsa daga farko har ƙarshe, tun da ya kusa haddace shi, bai sami inda aka hana zama ba. Inde ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta ce, "Ga gero can yana mutuwa, ga maza cike da gari suna ɗauke da nauyinka a wuya. In kana da baki, ka buɗe." Ta tafi ta bar gyaɗar a inda take.

Kwana biyu yana juya maganar. Abin da ya fi ba shi tsoro ba roƙon ba ne. In bai kira ba, yana iya ci gaba da cewa a ransa da ya kira da sun zo. In ya kira kuwa, zai sani.

Ya yanki sanda, ya bi gidaje ɗaya ɗaya, kamar yadda ake yi, yana durƙusa wa kowane maigida. Wasu suka ce Allah ya kai mu. Wasu suka dubi ƙasa. Mamman ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya shiga gyaran igiyar jakinsa. Gidansu ya bari a ƙarshe. Ya tarar da Gwamna a ƙofar gida yana sa wa hauya ƙota, maza uku huɗu a zaune tare da shi.

"Yaya, na zo roƙo."

"Kai? Yau ta ina rana ta hito?"

"Ciyawa ta ci gonata. Ina kiran gayya ran Talata."

Gwamna ya ɗaga hanci sama, ya shaƙi iska gabas, ya shaƙa yamma. "Mura nake yi ne? Ban ji ƙamshi ba."

"Babu giya, Yaya. Akwai tuwo da miyar kihi, akwai hura."

"Gayya ba giya. Makaɗi fa, da mi za ka jiƙa mashi maƙogwaro? Da waƙar Lahadi?"

Mazan suka yi dariya. Toma ya tsaya a durƙushe har dariyar ta ƙare. Gwamna ya buga ƙotar a ƙasa ya gwada ƙarfinta, ya ce, "Na ji." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ran Lahadi Malam Simon ya zo a kan kekensa. Ya ji labari ya yi murna, ya yi addu'a a kan gonar. Da zai tafi ya riƙe hannun Toma ya ce, "Abu ɗaya dai. Kada ɗigo ɗaya ya shiga gonarka. Idonsu yana kanka, idon ikilisiya ma haka."

Saloma ta buɗe rumbu ta ɗebi abin da ya kamata ya kai su kaka. Ta yi sussuka, ta yi surfe, ta yi daka na mutum talatin ita kaɗai, har tafin hannunta ya yi ruwa. Toma ya sayo tarwaɗa wurin masunta.

Ran Talata ya riga rana isa gona. Ya zauna a gindin kanya yana kallon hanyar da ta fito daga gidaje. Raɓa ta bushe. Can a kan tabki masunta suna kwance a kan gorunansu suna shawagi, muryoyinsu suna zuwa sama-sama. Mata suka wuce da tuluna zuwa ruwa, suka dube shi, suka yi gaba. Babu ganga. Da ya ga inuwar kanya ta fara janyewa, sai ya ja jiki ya shiga kunyar fari ya fara shi kaɗai. Saloma ta riƙa kawo akussa tana jerawa a inuwa, tana rufe kowane da faifai. Ta yi sawu huɗu. Ba ta dube shi ba, shi ma bai dube ta ba.

Hantsi ya yi sosai sa'ad da ya ji taku a bayansa. Gwamna ne, shi kaɗai, hauya a kafaɗa, gora tana lilo a kwankwasonsa. Ya tsaya ya ƙare wa ciyawar kallo.

"Wannan gona ce ko makiyaya?"

"Sannu da zuwa, Yaya."

Gwamna ya rataye gorar a reshen kanya, ya tofa yawu a hannu, ya shiga kunyar da ke manne da ta Toma. Bai bar ko ɗaya a tsakani ba. Ya kai ƙarshe ya dawo, ya kai ya dawo, ya tarar da ƙanensa bai yi rabin tasa ba, ya ce ashe 'yan Mishan da gindi suke noma. Hauya biyu ne kawai, ɗaya mai sauri, ɗaya mai jinkiri.

Da rana ta take suka koma inuwa. Gwamna ya dubi jerin akussa, ya buɗe ɗaya, ya wanke hannu. Toma ya sa hannu a akushi ɗaya da shi. Rabonsu da haka tun ranar bunsuru. Gwamna ya ci ya suɗe yatsu, ya ce, ba tare da ya dubi wajen da Saloma take tsaye ba, "Ashe matar nan taka ta iya tuwo. Ka ɓoye mana."

Toma bai tambayi inda sauran mutane suke ba. Gwamna ne ya faɗa da kansa. "Sun ce in zo in gani."

"Ka ga mi?"

"Ko za ka tashi."

Ya miƙa hannu ya sauko da gorar, ya cire toshiyar. Ƙamshin ya cika inuwar. Toma ya ji jikinsa ya yunƙura da kansa, kamar yadda ya saba, hannunsa har ya kai ga sanda. Ya tuna da Malam Simon. Ya tuna cewa kafin a sha sai an zuba a ƙasa, ƙasar nan kuwa tasa ce, wadda aka yi wa addu'a shekaranjiya. Gwamna yana kallon hannun nan da ke kan sanda. Toma ya saki sandar, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, ya jingina da kanya.

Gwamna ya karkata gorar, bakinta ya kusa ƙasa, sai ya tsaya. Ya yi tsaki, ya miƙe, ya taka har iyaka, ya tsallake gamba, ya zuba a kan hanya, ya yi 'yar maganarsa ƙasa-ƙasa. Ya dawo ya zauna yana cewa kakanni ma yau sai sun yi tattaki. Ya cika ƙoƙo ya miƙa wa ƙanensa, don ba a sha a gaban mutum ba a miƙa masa ba.

Toma ya karɓa da hannu biyu. Ya riƙe shi kamar yadda ake riƙe abin da babba ya ba ka, sa'an nan ya mayar. "Na gode, Yaya. Sha mini."

"Da ma ba ta isa mutum biyu ba," in ji Gwamna, ya kafa kai.

Suka zauna har gorar ta ƙare. Gwamna ya ba shi labarin yadda ubansu ya rasu, da abin da ya ce a kansa, abin da ba wanda ya taɓa gaya masa. Suka koma aiki har rana ta yi ja. Ba su nome ko sulusin gonar ba. Da Gwamna zai tafi ya ɗauki akushi biyu, ɗaya a ka ɗaya a hannu, ya ce zunubi ne a bar wa ƙudaje, in dai ya fahimci abin da ake nufi da zunubi. Sauran tuwon Saloma ta yanka ta shanya.

Bayan 'yan kwanaki Toma yana wanke ƙafa a ƙofar ɗaki ya ji muryar Gwamna ta bisa danga. "Mato! Mamman ya ce gayyarsa jibi. Ya ce in ƙafa ba ta barinka noma, ka zo ka zauna."

Ya je. Ya zauna a inuwa tun safe tare da tsofaffi, bai taɓa hauya ba, abin da ya fi masa kowane noma wuya. Ya ci tuwon Mamman. Ƙwarya ta zo kansa ya karɓa ya miƙa gaba. Mamman ya zauna kusa da shi yana ta yi masa surutu a kan farashin jakai, kamar wanda aka kwance wa baki.

Geron shekarar rabi ya samu. Labari kuma ya kai Maradi cewa an sha giya a gonar Toma, har an gan shi da ƙoƙo a hannu. Dattawan ikilisiya suka tambaye shi, ya faɗi yadda aka yi, bai rage ba bai ƙara ba. Ba mugunta ce ta sa su ba. Masu bi kaɗan ne a lokacin, kuma sun ga yadda ƙoƙo ɗaya ya mayar da mutane da yawa inda suka fito. Suka ce ya koma bencin baya, kada ya ci Jibin Ubangiji sai bayan Kirsimati. Malam Simon ne ya gaya masa, idonsa a ƙasa. Toma bai yi gardama ba. Ya ci gaba da takawa zuwa Maradi da sandarsa, ya zauna a baya kusa da ƙofa, tiren Jibin ya wuce shi, ya tako ya dawo.

Damina ta gaba ya sake kiran gayya. Mutum shida suka zo, ba makaɗi, kowa da gorarsa, suka ajiye su a bayan gamba. Ba su taɓa wuce goma ba. Babu kuma wanda ya bi shi sujada, ko ɗaya, har ƙarshen ransa. Ran Lahadi muryoyi biyu ne dai a ɗakin nan na wajen danga. Sai dai Saloma ta koyi karɓar daddawa ta ce ta gode, ta bar hannun mai kawowa ya koma wofi, kuma aka daina cewa addinin ƙosassu.

Gyambon bai sake rufewa ba. Shi ya ɗauke shi a kakar 1957, bayan an gama ɗaurin gero. Saloma ta koma Maradi wurin 'yan'uwa, gonar ta koma cikin gandu.

Shekara ba ta zagayo ba wasu samari masu bishara suka zo a kan kekuna, suka tsaya a ƙofar gidan suka yi wa'azi. Gwamna, wanda a lokacin gashinsa ya yi fari, ya saurare su har suka gama, bai yi ba'a ko ɗaya ba. Sa'an nan ya aika ciki a kawo tuwo. Samarin suka yi godiya, suka ce sun ci kafin su taso, kuma akwai garuruwa biyu a gabansu. Gwamna ya dube su suna ɗaure littattafai a bayan kekuna.

Ya ce, "To, ku gaida gida. In za ku dawo, ku zo da yunwa."